Daga Catford zuwa Bilbao, da Gwaggo a Kujerar Direba

Alhamis: Catford zuwa Dover

Ƙarfe huɗu da rabi na asubar Alhamis muka ja ƙofar gidan hayarmu na Catford a London, na zura makulli ta ramin wasiƙa kamar yadda mai gidan ya ce a yi, muka shiga mota ana yayyafi. Mu uku ne: ni, da maiɗakina Hadiza, da Gwaggo Asabe ƙanwar mahaifina.

Bari in faɗa wa jama'ar gida abin da ya ɗaga mu. Wani attajirin Kano nake yi wa aiki, ofishinmu ɗaki biyu ne a bayan Aldwych. Tun da kuɗin mai ya shigo kowa a gida ya kama gini, Alhaji kuwa ya shiga sayo rodi daga Bilbao, wani garin bakin teku a arewacin Sifaniya. Ya ce yana son mutum nasa ya zauna can, ya tsaya a kan kowane jirgi da ake yi wa lodi. Abin da ya sa ya zaɓe ni, wata rana ya ji na yi wa wani mai kawo shayi godiya da Sifaniyanci. Kalma ɗaya ce, ita kaɗai na sani, amma da Alhaji ya ce a gaban mutane ai Garba yana jin yarensu, sai na kasa buɗe baki in musa. Na sayi ɗan littafin koyon yaren, na yi mako uku ina hadda a cikin bas.

An kama mana gidan haya a can ta wasiƙa. Mai gidan, wata Madam Begoña, ta rubuto cewa za ta jira mu har ƙarfe shida na yammacin Asabar. In ba ta gan mu ba za ta tafi ƙauyensu, gidan kuma akwai mai so. Litinin da safe kuma jirgin farko zai fara lodi.

Hadiza ba ta so tafiyar ba. Shekara huɗu ta yi a Catford, ta yi ƙawaye, ta fara zuwa makarantar koyon buga tafireta. Tun da maganar ta fito, abin da nake samu daga bakinta bai wuce "to" da "na ji" ba. Gwaggo kuwa ta zo London ne aka cire mata yanar ido. An yi na hagu, an liƙe shi da auduga, an ɗora mata baƙin tabarau, likita ya ce ta dawo bayan wata uku a yi ɗayan. Ta ce ba za ta koma Kano da rabin aiki ba, mu kuma ba za mu bar ta ita kaɗai ba, sai aka buga mata biza tare da mu.

Motar tsohuwa ce mai dogon baya. Malam Lawal, abokina, ya shigo bas biyu daga Thamesmead ranar Laraba ya taya ni ɗaure kaya a samanta: katifa, akwati uku, buhun shinkafa, sai turmin Gwaggo a can ƙololuwa. Gwaggo ta ce zaman baya yana tayar mata da zuciya, saboda haka ta zauna gaba a hannun hagu, tunda sitiyarin motar Ingila a dama yake. A lokacin ban ga wani abu a cikin wannan ba.

Wajen mil saba'in ne zuwa Dover. Mun isa bakwai saura minti goma, muka yi sallar asuba a gefen mota, wani direban babbar mota yana kallonmu yana cin burodinsa. Takwas da rabi jirgin ruwa ya tashi da mu da motar a cikinsa.

Mun hau sama mun zauna a wani babban zaure mai kujeru. Bayan kamar minti arba'in Gwaggo ta taɓa ni ta ce wai har yaushe za a gama jiran nan a shiga jirgin. Na ce ai a cikinsa muke, tsakiyar teku ma muke yanzu. Ta sauka daga kujera ta zauna a ƙasa, ta fito da carbi, ba ta sake ɗaga kai ba sai Faransa. Da na yi mata dariya ban san nawa yana tafe ba. Ni ne na ƙarasa tafiyar a makewayi, Hadiza tana bakin ƙofa riƙe da hulata.

Calais zuwa Orléans

Mun sauka Calais sha ɗaya na safe a agogonsu, wanda ya fi na London gaba da awa ɗaya. A Faransa hannun dama ake bi. Na riga na cika wa Malam Lawal baki cewa wannan ba komai ba ne, ai mu ma a gida an koma dama. Abin da ban faɗa ba, na baro gida kafin a koma.

Matsalar ta fito da muka sami wata motar dankali a gabanmu tana jan ciki. Daga inda nake zaune ba na iya hango abin da ke tahowa, wanda ke kujerar hagu shi ne mai gani. Na ce, "Gwaggo, duba mini, akwai mota?"

Ta miƙa wuya ta ce, "Ban ga komai ba."

Na karkato sitiyari na fita, sai ga wata ƙatuwar tanka tana danna ham, fitila a kunne. Allah Ya sa na koma da sauri. Da numfashina ya dawo na ce Gwaggo ai kin ce ba komai. Ta ce ita ba ta ce ba komai ba, cewa ta yi ba ta ga komai ba, kuma tun daga jirgi ba abin da take gani sai hazo.

Daga nan Hadiza ta matso bayan kujerar Gwaggo ta karɓi aikin. Kalma biyu take amfani da su, "fita" da "koma". Ban raina ba, don rabon da in ji ta yi mini magana sau da yawa haka a yini ɗaya an fi wata.

Gab da garin Arras wani ɗan sanda a kan babur ya sha gabanmu ya tsayar da mu. Ya sauka fuska a murtuke, ya nufi tagar hagu kai tsaye ya ƙwanƙwasa. Ashe tun daga baya ya wuto mu, ya ga mai zaune a hagu, wurin direba a motocinsu, tsohuwa ce da ido ɗaya a liƙe, kai a langaɓe, baki a buɗe tana barci, mota kuwa tana ta gudu. Gwaggo ta farka ta sauke gilashi. Ya miƙa hannu yana neman lasin. Ita kuma ta kama gaishe shi, ta tambayi aiki da iyali da sanyi, sannan ta kwance bakin mayafi ta ɗora masa ɓarin goro a tafin hannu. Ya dubi goron, ya leƙa gabanta yana neman sitiyari, bai gani ba. Sai can ya hango ni a ɗaya gefen, na ɗaga masa lasin ina murmushin da ban shirya ba. Daga baya ya zagayo ya duba takarduna, ya ja igiyar turmi ya ji ta ɗaure, ya yi mana hannu mu tafi. Goron dai ya sa a aljihu.

Babbar hanyar Paris ta kuɗi ce, kuma rumfar mai karɓa a hagu take. Na ba Gwaggo faran goma, kuɗin ƙasar, na ce ta miƙa. Ta tambayi na mene ne, na ce na hanya. Ta juya ta dubi hanyar, ta dubi mutumin, ta miƙa masa rabi. Ya girgiza kai ya nuna allo. Ta ce masa da Hausa ya yi haƙuri ya sallama, baƙi ne mu, kuma gefe ɗaya kawai muka taka. Motoci suka taru a bayanmu ana ta ham, ni ina roƙonta ta saki sauran, ita tana cewa in bari, ya kusa saukowa. A nan na ji wani sauti daga baya, na duba madubi, sai na ga Hadiza ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa.

Daga Calais zuwa Paris ya kusa kilomita ɗari uku. Akwai hanyar da ta kewaye birnin kamar zobe, mun zagaye ta sau ɗaya da rabi kafin in gane mafita. Bakwai na yamma muka shiga Orléans, muka kama ɗaki biyu a wani ƙaramin otal kusa da tashar jirgin ƙasa. Abincinmu burodi ne mai tsawon sanda da ƙwai da dambun naman da Hadiza ta yo. A makewayin ɗakin Gwaggo akwai wani gajeren kwano mai famfo a ƙasa. Ta fito tana sa wa Faransawa albarka, ta ce duk zamanta a London ba ta ga inda aka yi wa tsofaffi tanadin wurin wanke ƙafa a alwala ba sai nan. Ni da Hadiza mun san na yin tsarki ne, amma muka bar ta a haka.

Juma'a: Orléans zuwa Bordeaux

Bakwai na safe muka ɗauki hanya. Mun bi ta Tours da Poitiers da Angoulême, fiye da kilomita ɗari huɗu da hamsin, kuma ba abin da ya faru sai ruwan sama da ya sami hanyar shiga katifa. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, gonakin inabi sun zubar da ganye, sai kututture jere-jere. Gwaggo ta ce tausayin mutanen nan take ji, gonaki har gonaki amma ba dawa ko kara ɗaya.

Bayan azahar muka tsaya gefen wata gona don injin ya huta. Gwaggo tana gyangyaɗi a mota, ni da Hadiza muna tsaye muna shan shayi daga fulas. Na yi ta maza na ce na san na raba ta da mutanenta, ta yi haƙuri. Ta daɗe tana juya kofi a hannu.

"Malam, ba tafiyar ce ta ɓata mini rai ba. Daga Kano na biyo ka London, in ka ce China ma zan bi. Amma a bakin matar Malam Lawal na fara jin za mu tashi. Ina zaune a ɗakinta tana yi mini Allah Ya kiyaye hanya, ni ban san hanyar ina ba."

Gaskiya ce. Kwana goma na yi ina neman yadda zan faɗa mata, ashe labari ya riga ni zuwa gida ta Thamesmead. Ban kawo wani uzuri ba, don ba ni da shi. Na ce na yi kuskure, ba zan ƙara ba. Ta ce ta ji. Amma wannan "na ji" ɗin ba irin na Catford ba ne, don ta karɓi kofina ta ƙara mini shayi.

Biyar da rabi muka shiga Bordeaux, muka kwana a wani masauki kusa da gada. Mai masaukin ya bari muka jingina katifa a ɗakin tukunyar ɗumama gida. Da safe ta bushe ta gefe ɗaya.

Asabar: bakin iyaka

Shida da rabi muka tashi. Daga Bordeaux hanya ta miƙe sambal cikin dajin dogayen itatuwa iri ɗaya, har mutum ya fara zaton ba ya motsi. Mun wuce Bayonne, sha ɗaya saura minti ashirin muka iso gadar da ta raba Faransa da Sifaniya. Lissafina ya nuna za mu ci abincin rana a Bilbao.

Faransawa ba su ɓata mana lokaci ba. A ɗaya gefen kuwa sai ga jami'ai masu koren kaya da bindigogi, kowanne da wata baƙar hula mai ƙyalli, kamar an kife akushi an danne bayansa da bango. Yankin ba ya zaune lafiya, an gaya mini tun a London, shi ya sa ba sa wasa da bincike. Babbansu ya karɓi fasfo uku ya tambayi abin da ya kawo ni. Wannan tambayar na yi mako uku ina jira. Na gyara tsayuwa na zuba masa jimlar da na haddace. Ashe a yarensu kalmar tashar jirgin ruwa da kalmar ƙofa harafin ƙarshe ne kawai ya raba su. Abin da na faɗa masa shi ne na zo daga London zan yi aiki a ƙofa. Ya ce wace ƙofa. Na ce babbar, ta Bilbao, wadda ƙarfe yake fita ta cikinta.

Ya sa aka sauke komai.

Sun buɗe akwatuna, sun soka hannu cikin shinkafa, sun ƙwanƙwasa turmi sun saurara. A jakar Gwaggo suka ci karo da ƙullin kanwa. Aka kira wani, shi ma ya kira wani, suka tsaya su uku a kanta. Na duba littafi, babu kanwa. Gwaggo ta ɓalli kaɗan ta jefa a baki ta nuna musu. Ƙaramin cikinsu ya lasa, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, ya tafi neman ruwa. Aka ɗauki ƙullin aka shiga da shi ofis, muka zauna a kan katifa a gefen titi muna kallon agogo.

Abin da ya cece mu wani gwangwanin madara ne da Hadiza ta naɗe da leda uku. Babban nasu ya dawo ya nuna shi, Hadiza ta ce da ni in gaya masa gara ya bari. Ban san yadda ake faɗar haka ba. Ya zare ledojin ɗaya bayan ɗaya, ya sa wuƙa ya ɓalle murfin, ya kai hanci. Daddawa ce ta wata shida. Ya mayar da murfin da hannu biyu, ya ja da baya taku uku, ya buga hatimi a fasfo ɗinmu a kan bonet, ya ba da umarni a taya mu loda kaya. Har kanwar aka dawo mana da ita. Ɗaya da kwata muka bar wurin.

Kan dutse

Mun wuce Irun da San Sebastián, inda na ga teku ta shigo har tsakiyar gari. Daga nan zuwa Bilbao kilomita ɗari ne, kuma akwai sabuwar hanya. Na ga allonta bayan na wuce shi. Na ce ba komai, tsohuwar ma can za ta kai mu. Wajen wani gari mai masana'antu na sake kuskuren kwana, sai muka tsinci kanmu muna hawa dutse a wata siririyar hanya mai lanƙwasa kamar hanji, hazo ya rufe ko'ina.

Uku da rabi, a wata kwana, garken tumaki ya ɓullo a gabanmu. Na kauce dama, na kauce da yawa. Tayar baya ta zame cikin lambatu, motar ta karkace ta tsaya, turmi yana leƙen kwari. Na taka mai, taya tana juyawa a banza tana watsa taɓo. Ba wanda ya ji ciwo, amma na fito na tsaya cikin yayyafi ina tunanin Madam Begoña da makullinta, da abin da zan gaya wa Alhaji ranar Litinin.

Makiyayin tsoho ne mai faffaɗar baƙar hula kamar faifai. Na buɗe littafi na karanto masa neman taimako. Ya saurara da kyau, sannan ya amsa da wani dogon zance wanda ko kalma ɗaya ba ta yi kama da abin da na haddace ba. Na sake karantawa da ƙarfi. Ya sake amsawa da ƙarfi. Gwaggo ta leƙo ta taga ta ce wai ba ni ne aka ce ina jin yarensu ba.

Tsohon ya sa yatsu a baki ya yi fito. Ba a jima ba maza huɗu suka gangaro daga wani gidan dutse, kowanne wuyansa ya kai cinyata. Babbansu ya dube ni ya gaishe ni da Turanci irin na Amurka. Sunansa Patxi, ya yi shekara goma sha biyu yana kiwon tumaki a can. Shi ya warware mini. Ya ce su nan Basque ne, suna da yarensu da ba ya haɗa komai da Sifaniyanci, tsohon nan kuwa Sifaniyancinsa bai fi nawa ba. Ya rage murya ya ce gwamnati ba ta son jin yaren a makaranta ko ofis, an sha dukan yara a kansa, amma a kan dutse ba mai hana su. Na fassara wa Gwaggo. Ta jinjina kai ta ce, "Ashe su ma da Turawansu."

Patxi ya ce kowa ya fito a rage nauyi. Hadiza ta fito. Gwaggo ta ce ita ba za ta sa ƙafa a taɓon nan ba, ta riga ta yi alwala. Na fara lallashi, Patxi ya ce in bar ta. Ɗayansu, wanda aka ce ɗaga dutse ne wasansa a ranar biki, ya sauke turmin da hannu ɗaya ya ajiye. Suka kama bayan motar su huɗu, suka yi wata ƙara tare, sai ga mota a kan titi da Gwaggo a ciki tana salati. Na sa hannu a aljihu, Patxi ya ture hannun. Matarsa ma ta gangaro da curin cukwi na nonon tumaki ta ba Hadiza. Ya zana mini hanya a bayan littafina, ya ce in na bi wannan, minti hamsin. Shafin da ya fi amfani a littafin ke nan.

Bilbao

Biyar saura kwata muka bar su. Mun gangaro daga dutse, hayaƙi ya tare mu tun kafin gari. Bilbao a cikin kwari take, duwatsu kore shar sun kewaye ta, amma gine-ginenta baƙi ƙirin, kogin da ya ratsa ta kuwa launin kunun kanwa. Ko'ina bututun masana'anta da ƙugiyoyin lodi. Hadiza ta daɗe tana kallo ta taga.

Shida saura minti takwas muka tsaya a ƙofar gidan. Wata gajeriyar dattijuwa cikin baƙaƙen kaya tana tsaye da jaka da laima, ta riga ta sa kwat ɗin tafiya. Da ta ga turmi a kan mota ta ajiye jakar. Ta rungume Hadiza, ta rungume Gwaggo, ta sumbace su a kumatu biyu, ni kuma ta nuna mini agogo.

Hawa na huɗu ne, ba lif. Ɗaki biyu da falo, tsaf-tsaf. Ta zagaya da mu tana magana ba tsayawa, ta bar kicin a ƙarshe. Ta buɗe ƙofar da alfahari ta matsa gefe. A tsakiyar kicin, rataye da ƙugiya daga rufi, ga wata ƙatuwar busasshiyar cinya har da kofato, an ɗaura mata jan ƙyalle. Ta nuna cinyar, ta nuna mu, ta dafa ƙirjinta. Kyautar maraba ce.

Gwaggo ta matsa ta shafa ta sama da ƙasa, ta ce tubarkalla, ragon da ya yi wannan ƙafa ba ƙaramin kiwo ya sha ba. Ni da Hadiza muka dubi juna. Hadiza ta raɗa mata a kunne cewa ƙafar alade ce. Gwaggo ta janye hannu a hankali ta riƙe shi nesa da jikinta, ta tambayi inda famfo yake.

Na buɗe littafi. Na sami kalmar da ke nufin an hana, na nuna cinyar na faɗa da ƙarfi. Irin kalmar da ake rubutawa a allon 'yan sanda ce. Fuskar Madam Begoña ta canza, idonta ya kawo ruwa, ta damƙe makullin da ta fara miƙo mini. Na sake buɗe wani shafi, Hadiza ta rufe littafin da hannunta.

"Malam, don Allah ka huta haka nan."

Ta kama hannun matar. Ta nuna ɗan gicciyen da ke wuyanta, ta nuna sama. Ta ɗauko carbin Gwaggo, ta sake nuna sama. Sannan ta nuna cinyar, ta nuna bakinta, ta girgiza kai a hankali, ta dafa ƙirji ta ɗan rusuna. Ta je ta buɗe akwati ta ciro atamfarta sabuwa, wadda ba ta taɓa ɗinkawa ba, ta yafa wa matar a kafaɗa.

Madam Begoña ta dubi atamfar, ta dubi cinyar. Can sai ta dafe goshi ta fashe da dariya, ta yi ta magana tana nuna kalanda. Daga baya na fahimci cewa take yi su ma akwai ranakun da ba sa cin nama. Ta hau kujera da kanta ta sauke cinyar, ta saɓa a kafaɗa a kan atamfar, ta danƙa wa Hadiza makulli, ta sauka. Ƙauyen da ba ta je ba ke nan a ranar. Kafin in gama hawa da kaya, sawu tara, ta dawo da tukunyar kifi da dankali tana tururi. Ta zauna ta ci tare da mu, ita da Gwaggo suna ta hira, kowacce da yarenta, ba wadda ta jira a fassara mata.

Litinin bakwai da rabi ina bakin jirgi da takarduna. Da na dawo da yamma na tarar Madam Begoña ta kai Hadiza wata babbar kasuwa a bakin kogi. Ta baje abin da ta sayo a teburi tana nuna mini ɗaya-ɗaya, da sunan kowanne a yarensu, kalma bakwai a yini ɗaya. A ciki har da jeren busasshen jan barkono da aka shirya a zare, ta riga ta rataye shi a ƙugiyar tsakiyar kicin.

Ina godiya ga Malam Lawal da iyalinsa, da Patxi da mutanensa na kan dutse, da Madam Begoña, da duk waɗanda suka bi mu da addu'a daga Kano da London. Masu rubuto wasiƙa su yi haƙuri da jinkirin amsa, aiki ya yi yawa a bakin ruwa. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kawo mu gida lafiya. Na ce gida ne don jiya da na ce da Hadiza zan koma masauki in ɗauko laima, ta gyara mini, ta ce ba masauki ba ne.